Ilmin Dara da Fataucin Kano

A cikin 1944 waɗansu masana biyu, John von Neumann da Oskar Morgenstern, suka buga littafi a Amurka, suka kwatanta ciniki da wasa irin na dara. Manufarsu ita ce kada ɗan kasuwa ya zuba kuɗinsa sai ya lissafa abin da abokin takararsa zai yi. Masu shirya wa manyan kamfanoni al'amuran gobe suna aiki da wannan ilmi.

Lalle yana da amfani. Mai atamfa a Kantin Kwari, cikin Fagge, in ya karya kuɗin kayansa don ya janye masu saye, maƙwabcinsa ma zai karya, ƙarshe su tashi duka ba riba. Wanda ya hango haka ba zai soma ba.

Amma fa littafin ya ɗauka kowa ya san dokokin wasan da waɗanda ke zaune bakinsa. Masanan da suka biyo baya sun yi ƙoƙarin toshe wannan kafa, sai dai ba mai iya lissafa ɗan wasan da bai san da zamansa ba. Tarihin Kano shaida ne. Da jirgin ƙasa ya fara jigila daga Kano a 1912, Turawa auduga suka sa rai za su kwasa zuwa masaƙun Ingila, ba su sa manomi da falke cikin lissafi ba. Masaƙan gida sun fi su sayen auduga da tsada. Manomi kuwa ya ga gyaɗa ta fi kuɗi, in ma kasuwa ta faɗi ya ci abarsa. Fataken goro suka shiga ƙauyuka suna ba da bashi a biya su da gyaɗa. Dara ta ci gida, Turawa suka koma neman masu saya musu gyaɗa, irin su Alhassan Ɗantata, wanda ya zama wakilin kamfanin Neja a 1918.

Har wa yau akwai hasarar da ba abokin takara ke jawo ta ba, kamar gobarar da ta cinye rumfuna a kasuwar Sabon Gari a 2016.

Saboda haka a karɓi ilmin da awo. In abokan takara sanannu ne, ya dace. In ba haka ba, dabarar manomin nan ta fi: mutum ya raba jarinsa, ya riƙe abin da zai koma kansa ran da lissafi ya ɓaci.