Kiɗan da kunne ya sani, ba a san mai shi ba

Yau zancen kiɗa za mu yi. Wani irin kiɗa ne da ba shi da waƙa, ba shi da ƴan amshi, ba a kuma yi shi don filin rawa ba. Mai shi ɗan Nijar ne, sunansa Mamman Sani Abdulaye. Duk wanda ya girma kusa da akwatin rediyo a ƙasar nan, da wuya a ce bai taɓa jin kiɗansa ba. Shekara da shekaru Muryar Sahel da Tele Sahel sun yi ta sa shi tsakanin shiri da shiri, wato lokacin da mai magana ya gama, na gaba bai ɗauka ba tukuna. Kunnen mutane ya saba da shi. Amma in ka tambayi wa ya kaɗa, kaɗan ne za su ba ka amsa.

Abin da ya ke kaɗawa ana ce masa orgu. Akwati ne mai aiki da wutar lantarki. A gabansa akwai maɓallai jere kamar haƙora, wasu farare, wasu baƙaƙe. Kowane maɓalli da muryarsa. In ka danna, murya ta fito, kuma muddin yatsanka na kai ba za ta yanke ba. Ku kula da wannan, don nan ne sirrin kiɗan ya ke. Tsirkiyar gurmi in an taɓa ta, sai ta yi ƙara ta mutu. Mai algaita sai ya cika kumatunsa da iska, ya sha wuya, kafin busarsa ta zarce ba tsayawa. Shi orgu ba ya numfashi, ba ya gajiya. A cikinsa kuma akwai wata ƴar na'ura da ke buga amo kamar na ganga, ita kaɗai, ba hannun kowa.

Mamman Sani ya sami orgunsa a 1974. A lokacin yana aiki da Unesko, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ilimi da al'adu. A wajen wani taro ya tarar da wani wakili ɗan Ruwanda ya zo da orgu ƙirar Italiya, mai suna Orla. Ya roƙe shi ya sayar masa, ya kuwa sayar. A 1978 ya shiga ɗakin ɗaukar murya na gidan rediyon ƙasa a Yamai. Ya kaɗa sau ɗaya aka ɗauka. Ya sake kaɗa wani a bisa na farko, aka haɗa su. Shi ya sa in kana saurare sai ka ce mutum biyu ne ko uku, alhali mutum guda ne da yatsunsa goma. Ma'aikatar al'adu ta sa hannu aka fitar da kaset. Amma aikin bai tafi yadda aka shirya ba, kaset kaɗan ƙwarai suka fita. Sunan da aka san aikin da shi na Faransanci ne, La Musique Électronique du Niger, wato Kiɗan Lantarki na Nijar. Kiɗa shida ne a ciki: Lamru, Salamatu, Kobon Lerai, Lidda, Bodo, da Tunan.

To, me kunne ke ji?

Abu na farko, ba gaggawa. Ƴar gangar nan ta cikin akwati tana tafiya a hankali, ƙas-ƙas, ƙas-ƙas, kamar sawun jaki a hanyar gona. Ba ta ƙara sauri, ba ta ragewa. A ƙarƙashi akwai wata murya mai kauri da ke kwance, ba ta cika motsi ba. A sama kuma sai wata siririya ta fito, kamar sarewar makiyayi da ka jiyo daga nesa da yamma. Ta hau, ta sauko, ta tsaya kaɗan, ta koma inda ta faro. Ta sake hawa. Haka za ta yi ta yi, tana canja ɗan abu kaɗan wanda sai mai natsuwa zai gane. A bayan duka akwai shuu ɗin tsohon kaset. Wani zai ce aibi ne. Ni a kunnena ya zauna da kyau, kamar ƙurar hunturu da ke rage kaifin rana.

Wanda ya fi shiga raina shi ne Salamatu. Sunan mace ne, kuma kiɗan yana tafiya kamar mutum na tuna wani da ya yi nisa. Ba kuka ba ne. Ya fi kama da halin mai gida da ya dawo daga gona, ya ci tuwo, ya jingina da zana, yara sun yi barci, sai tunanin ɗansa da ya tafi cin rani ya zo masa. Muryar ta sama tana komawa wuri guda sau da yawa, kamar yadda zuciya ke yi in abu ya dame ta. Mamman Sani bai cika wurin da ƙawa ba. Yana barin fili tsakanin jimla da jimla. Makaɗi mai son a yaba masa yakan nuna saurin yatsa. Shi wannan ya san inda zai ɗauke hannu, kuma wannan ya fi wuya.

Da kiɗan ya isa Turai da Amurka, masu sayar da faifai sun jera shi da wani iri da su ke kira ambiyent. Wani Bature ɗan Ingila, Brian Eno, shi ya yaɗa wannan suna. A 1978, shekarar da Mamman Sani ya shiga gidan rediyo, shi ma ya fitar da faifan da ya shirya don a riƙa sawa a filin jirgin sama, matafiya su sami kwanciyar hankali. Nufinsa kiɗa ne da zai cika wuri kamar ƙanshin turare: in ka so ka saurara, in ka so ka ci gaba da aikinka. Kada ku haɗa shi da ambiyans ɗin da samarin birni ke faɗi, mai nufin hayaniyar biki. Wannan kishiyarsa ne. Kuma gaskiya sunan ya ɗan dace, tun da aikin da rediyonmu ya ba kiɗan Mamman Sani ke nan, ya cika wurin da babu magana.

Amma akwai inda na rabu da masu yabon na waje. Da yawansu in sun ji shi, sai su ce sun ji hamada: rairayi, iska, fili ba kowa. Ni mutane na ke ji a ciki. Mamman Sani bai ɗauko kiɗansa daga iska ba. Mafi yawa daga waƙoƙin gargajiya na ƙasar nan ya ɗauko su. Akwai amon tende na Abzinawa, gangar nan da mata ke yi da turmi su ɗaure masa fata a baki. Akwai salon waƙar Fulani Woɗaɓe, waɗanda mu ke ce wa Bororo. Duk wanda ya taɓa ganin su a taro, kamar na Ingal bayan damina, ya san yadda su ke yi. Samari su jeru, ba ganga ba goge, wani ya ja murya ya riƙe ta, kafin numfashinsa ya ƙare wani ya ɗora tasa a kai. Muryar ba ta faɗuwa ƙasa. To, wane abin kiɗa ne zai iya wannan in ba orgu ba, mai muryar da ba ta yankewa? Nan ne na ga basirar mutumin. Ya sami kayan Turawa, ya duba abin da kayan ya fi iyawa, ya gane cewa muna da waƙar da ke bukatar daidai wannan.

Akwai kuma dalilin da ya sa kunnenmu ba ya baƙunta da shi. A jikin orgu, muryoyi goma sha biyu ne ke maimaituwa, bakwai farare, biyar baƙaƙe. Yawancin waƙoƙinmu, na Hausa da na Zabarmawa da na Fulani, a kan matakala biyar su ke hawa da sauka. Kiɗan Mamman Sani ma a irin wannan hanya ya ke tafiya. Shi ya sa tsohuwar da ba ta taɓa ganin orgu ba za ta iya bin sa da guna-guni tana sussuka.

Wani zai ce, kiɗa ba waƙa, ina amfaninsa? Tambaya ce mai kyau. Mu mun saba auna makaɗi da bakinsa. Shata, magana ce. Ɗan Alalo na Damagaram, magana ce: wa aka yaba, wa aka yi wa zambo, wane karin magana aka kawo. Amma ku tuna da take. In mai kalangu ya kaɗa taken mahauta, ko aka kaɗa wa ɗan kokawa takensa, ba wanda ya buɗe baki, duk da haka kowa ya ji abin da aka ce. Maganar tana cikin kan mai saurare. Haka kiɗan nan ya ke ga wanda ya san waƙar ta asali. An ajiye kalmomin, shi zai mai da su da kansa.

Ku da kuka shiga ajin yaƙi da jahilci kun san wannan hali. Da farko mutum ba ya iya karatu sai da ƙarfi, yana bin baƙi da yatsa, bakinsa na motsi. Wata rana sai ya ga ya karanta wasiƙa duka bakinsa a rufe, kuma ya ji muryar wanda ya rubuto ta sarai a zuciyarsa. Sauraron Mamman Sani irin wannan karatun ne.

Ban ce ba shi da kasawa ba. Gangar cikin akwati ba ta da ido. Mai kalangu yana kallon ƙafar mai rawa, ya matse, ya saki, ya yi masa magana. Ita wannan ko gari zai ƙone haka za ta yi ta tafiya. A wasu wurare takan gundure ni, har na kan ce da ma an kashe ta a bar orgu shi kaɗai. Kuma maɓalli ba ya lanƙwasa murya. Mai goge yana iya zame yatsa tsakanin murya da murya, ya sa tsirkiya ta yi kamar za ta yi kuka. Orgu daga wannan matakala sai waccan, ba tsakiya. Don haka wani abu na waƙar Woɗaɓe ya zube a hanya, musamman ɗan karkarwar nan ta maƙogwaro da ƙurar filin taro. Wanda ya san ta asali zai ji an goge ta ta yi santsi. Kuma in ka saurari shidan a jere da rana tsaka, kana cikin hayaniya, za ka ce duk ɗaya ne. Lokacinsa bayan lisha ne, a rage ƙara.

Saura zancen suna. Fiye da shekara talatin kiɗan na yawo a iska, mai shi na zaune a Yamai, ba a ambaton sa. Sai wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin faifai na Sahel Sounds, ya ci karo da ɗaya daga cikin kaset ɗin nan a Yamai. Akwai suna rubuce a jikinsa. Da wannan sunan ya nemi mutumin har ya same shi. A 2013 aka sake buga aikin a faifai, Mamman Sani ya je Turai ya kaɗa a gaban jama'a. Daga baya aka fitar da wasu ayyukansa da suka daɗe a ajiye, Taaritt a 2014, da wasu tsofaffin kaset na 1981 zuwa 1984 a 2015. Rediyo ya sa kiɗan sau dubbai bai riƙe sunan ba. Ƴan baƙaƙe a bayan kwali su suka riƙe shi.

Abin bai tsaya kansa ba. Wani matashi a Yamai da a ke kira Hama, shi ma mai kaɗa tsofaffin waƙoƙin makiyaya da kayan lantarki, kiɗansa ya yi ta yawo daga salula zuwa salula, mutane da yawa ba su san na wane ne ba. Sai daga baya faifansa Houmeissa ya fito da sunansa a 2019.

Amma akwai waɗanda har yanzu ba su sami nasu rabon ba. Su ne masu waƙoƙin na asali: matan da suka zauna gindin tende, da makiyayan da suka rera wa shanunsu. An ce waƙoƙin gargajiya ne, shi ke nan, kamar gargajiya ba ta da gari ba ta da dangi. Ana samun kiɗan Mamman Sani a intanet, yaran da ke da babbar salula za su iya nemo muku shi. Ku sa wa tsofaffi su ji, musamman a rugage da zangon Abzinawa. In wani ya gane wata waƙa, ku tambaye shi: ta wane yanki ce, a wane taro a ke yin ta, me ta ke cewa? Ku rubuta da hannunku, ku sa sunan garinku, ku ba malamin ajinku ya aiko mana.