Wasa a Takarda: Sharhi kan "Tatsuniyoyi da Wasanni"

A shekarar 1971 ne Ibrahim Yaro Yahaya ya fitar da "Tatsuniyoyi da Wasanni", littafi na ɗaya zuwa na shida, don ƴan makarantar firamare. Aikin ya cancanci yabo, domin ya shigar da adabin baka cikin aji a lokacin da ake ɗaukarsa hirar tsofaffi kawai. Amma ɗalibin harshe ya kamata ya tambaya: me ya rage na wasa bayan an kwantar da shi a takarda?

Tatsuniya tana jure wa rubutu, ko da ta rasa muryar mai ba da ita. Wasa kuwa ba ya jurewa. Mu ɗauki langa. Yaro ya riƙe ƙafa ɗaya yana tsalle da ɗayar, abokansa suna kare wanda ake kira "ruwa" har ya kai wurin sha. In ya kai, sai a ce ruwa ya sha. A aji wannan jimla kamar an juya ta take, tun da ruwa ake sha, ba shi ke sha ba. A fili kuwa babu yaron da zai nemi bayani. Ya ga ma'anar da idonsa, wataƙila ma ya sha ƙasa kafin ya gane ta. Haka waƙoƙin gaɗa: rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, balle tafi da rausaya, alhali a kansu waƙar ta dogara.

Laifin bai tsaya ga marubucin ba. Ya fi yawa ga malamin da zai sa yara hamsin su karanta ƙa'idar wasa a zaune, hannu a ƙirji, sannan ya yi musu jarrabawa a kai. Wannan haddar ce aka so a guje wa tun da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram a 1973.

Kada kuma a rikita fita fili da rashin aji. Yaran da gobara ta kashe a azuzuwan zana a Yamai da Maraɗi a 2021 ba wata dabarar koyarwa ce ta kai su can ba, rashin gini ne. Abin da littafin ke buƙata shi ne malami ya karanta shi tun a gida, da hantsi ya fito da yara gindin darbejiya su yi wasan, a koma aji su rubuta kalmomin da suka furta da bakinsu.