Baban Ummi, Ka Jira Ta

Ranar Asabar ɗin da ta wuce na shiga Dutse da sassafe, hanya ta bi da ni ta gindin duwatsun wajen Garu, sai na ci karo da masu hawan dutsen nan da suka zama yayi. Cikinsu akwai wani matashi da matarsa, riga iri ɗaya, takalmin kambas iri ɗaya, abin dai gwanin sha'awa. Shi yana can gaba da waya a kan sanda yana yi wa mabiyansa bayani. Ita tana baya da taku kusan talatin, hannu ɗaya riƙe da bakin abaya, ɗaya riƙe da gorar ruwa biyu, ƙarangiya ta cika mata safa. Ta ɗaga murya ta ce, "Baban Ummi, ka jira ni mana." Bai ko waiwayo ba ya ce, "Ki ɗaga ƙafa, rana za ta ɓata mana hoto."

Tun ranar abin yake ci mini rai. Kun san irin hoton da ke biyo bayan wannan, kuna ganinsa kullum a Facebook da TikTok: su biyu a ƙololuwar dutse, kafaɗa da kafaɗa, an rubuta "tafiyarmu tare". Tare a ina? Tare ɗin minti biyu ne, lokacin da aka danna waya. Sauran awa biyun kowa tafiyarsa ya yi.

Masu bibiyata sun san ba ni da faɗa da wannan yayi. Na daɗe ina mitar cewa mun bar ƙafa, ko gidan maƙwabci za mu je sai an tayar da babur. Yau in na ga miji da mata sun fito da asuba za su hau dutse, wallahi daɗi nake ji, don a garuruwanmu ba ƙaramin abu ba ne mutum ya fita yawon shan iska da iyalinsa, ya toshe kunnensa daga 'yan zaman majalisa. Abin da nake faɗa da shi ɗaya ne: wannan tazara da ke tsakanin ƙafarsa da tata.

Kwana biyu bayan haka sai ga ƙanena da matarsa sun zo mini gida a Aujara da wata takarda. Wai in hunturu ya shiga za su yi doguwar tafiya a ƙasa, su tashi daga duwatsun Birnin Kudu masu zanen mutanen da, su ratso ta Dutse da Kiyawa da Jahun, su nausa ƙasar Haɗejiya har dausayin Baturiya, inda tsuntsayen Turai ke sauka in sanyi ya koro su. Raina ya yi fari, don wannan tafiya ce da ta cancanci a yi ta. Na karɓi takardar. Ya rubuta tocila, ya rubuta batirin cajin waya har guda biyu, ya rubuta gidan sauro. A ƙasa kuma ya ja layi ya rubuta: kilomita 35 kullum. Na ce, "Wa ya yanke 35 ɗin nan?" Ya ce, "Yaya, ai na gwada, ina yi." Na dubi matarsa na ce, "Ke fa, kin gwada?" Ta sunkuyar da kai tana murmushi. Ashe tun ba a ɗaura takalmi ba ya riga ya bar ta a baya, a kan takarda.

Na san inda muka kwaso wannan cuta. A watan Afrilun 2015 Sulaiman Hashimu ya taka daga Legas zuwa Abuja cikin kwana 18 don murnar nasarar Buhari, ƙasa ta ɗauka, shi ma Buharin ya karɓe shi. Bawan Allah ya cika alkawarin da ya ɗaukar wa kansa, ba na rage masa komai. Amma tun daga nan kalmar tattaki ta koma wani abu daban a kunnenmu. Duk zaɓe sai ka ji wani ya ɗauki tuta ya kama titi zuwa gidan gwamna ko sanata, ana ƙirga masa kwanaki, ana jiran ranar isa da musafaha a gaban 'yan jarida. Tattakin namiji shi kaɗai ne, kuma duk darajarsa a saurin isa take. To wannan ma'aunin ne matasanmu suka ɗauko suka ɗora wa tafiyar mutum biyu, inda ba ya aiki ko kaɗan.

Wani ɓangaren kuma daga bidiyon Turawa ne. Ƙanena ya nuna mini ma'auratan da ke bin hanyar duwatsun Apalaciya ta Amurka, wadda ta kai kusan kilomita 3,500, ta ratsa jihohi 14 daga Jojiya zuwa Maine. Masu gama ta a tashi ɗaya sukan ci wata biyar zuwa bakwai, kuma cikin huɗu da suka fara, kusan ɗaya ne ke kai ƙarshe. Ka lura, wannan hanya ce da aka shafa wa farin fenti a jikin itatuwa don kada a ɓata, aka kafa rumfunan kwana fiye da 250 a kanta. Duk da wannan gata, yawancinsu a hanya suke ajiye jaka. Kai da ba ka da fenti, ba ka da rumfa, sai burtali da yashin jigawa mai cinye ƙarfin ƙafa, kai ne za ka yanke wa matarka kilomita ba ka tambaye ta ba?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne ba mu da buƙatar aron wannan ilimi. Fataken da suka yi ta safarar goro tsakanin Kano da Gwanja watanni suke yi a hanya, da jakuna da mata da 'yan dako. Jagaba ne ke gaba yana duba hanya. Madugu, uban tafiya, wanda ayarin duka ke wuyansa, a baya yake tahowa, don ya ga wanda ya gaza da jakin da ya kwanta. Babban mutum a tafiya shi ne na ƙarshen isa zango. Yau kowane mai sandar hoto so yake ya zama jagaba, ayarin kuwa mutum ɗaya ce tak, ita ma ya kasa riƙe ta.

Ga kuma alhazan ƙasa. Kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, mutanenmu da ƙafa suke zuwa Makka, ta Barno, su tsallaka Chadi ta Abeche, su shiga Darfur, su bi har gaɓar Bahar Maliya a Sawakin, sannan jirgin ruwa zuwa Jidda. Ana yin shekaru, a tsaya a yi noma ko ƙodago a sami guzuri a ƙara gaba, wasu ma a Sudan suka zauna har yau jikokinsu na can. Da yawansu da matansu suka tafi. Muna yara akwai wata tsohuwa a unguwarmu da ta yi wannan tafiya tana amarya, ta dawo da 'ya'ya biyu. In tana ba mu labari ba ta cika maganar nisa ba. Abin da take maimaitawa shi ne ranar da ƙafarta ta kumbura, mijinta Malam ya bar ayari ya wuce, ya zauna da ita a wani ƙauye har ta warke, suka jira ayari na gaba. Ta manta sunan ƙauyen, amma wannan jiran ba ta manta shi ba har ta koma ga Allah.

Ko a addini ma haka muka tarar. Abu Dawud ya ruwaito daga Jabir cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan tsaya a bayan tawaga in ana tafiya, yana taimakon mai rauni, yana ɗora shi a bayan abin hawansa. A wata tafiya kuma ya ce wa sahabbai su yi gaba, ya tsaya suka yi tsere da Nana A'isha. Sauran mutane aka sallama su wuce, matar aka tsaya wa.

Na san za a ce ai al'adarmu ce namiji ya shiga gaba, shi zai fara karo da maciji ko raɓa ko mugu. Gaskiya ne, na yarda, a duhun ciyawa da taku biyu a tsakani. Taku talatin a kan falalen dutse ba kariya ba ce.

Kuma bari in gaya wa masu shirin irin tafiyar ƙanena abin da takardarsu ba ta sani ba. A ƙasar nan matarka ce takardar izininka. Namiji shi kaɗai da ƙatuwar jaka a baya, ya ɓullo ƙauye da magariba a wannan zamani na rashin yarda, tambayoyin 'yan sintiri zai fara amsawa kafin ya sha ruwa. In da iyali yake, bayan an gaida mai unguwa ko dagaci, nan da nan za ka ji an ce a shiga da ita cikin gida. Kai iyakarka soro. Ita ce za ta isa gindin randa, ita za a ba ruwan wanka, ita matan gida za su gaya wa wace rijiya ce ta ƙafe a gaba, wace fadama ce har yanzu ba ta tsotse ba, wane gari ne gobe kasuwarsa ke ci. Rabin labarin hanya a tsakar gida yake, inda ba ka shiga. Wadda za ta samo maka wannan ita ce ka bari tana cire ƙarangiya ita kaɗai?

Sannan akwai abubuwan da namiji ba ya tunawa in shi kaɗai ya riƙe biro. Kai kana iya zagayawa bayan kowace kuka. Ita fa? Ina za ta kama ruwa, ina za ta yi alwala ba a kan idon jama'a ba? Shin ranakun da ka zaɓa sun yi daidai da nata lissafin na wata? Litar ruwa ɗaya kilo ɗaya ce, lita huɗu kilo huɗu, wa zai ɗauka? Na sha ganin wannan rabo a hanyar kasuwa: maigida a gaba da carbi, uwargida a baya da ƙwarya a ka da goyo. Kada a sa wa wannan tsohon rabo kambas a ce mini sabon abu ne. Lokacin da su ƙanena suka zaɓa kam ya dace, Disamba zuwa Janairu, an kawar da amfanin gona, ruwan damina ya janye. Wanda ya bari har Maris da Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ya kai 'yar mutane wahala kawai.

Duk wannan na zazzage wa ƙanena a tsakar gida, har shayinsa ya huce. Ya yi shiru, sannan ya ce, "To Yaya, yanzu ya za a yi?" Na ce ya miƙa mata biron. Ta ɗan yi jim, ta karɓa, ta soke 35 ta rubuta 15, ta ce in ƙafa ta saba a ƙara. Ta ƙara buta, da zanen da za a yi labule da shi, da man shafawa don kaushin hunturu, da goro da sabulu na ba matan gidan da za a sauka. Ta soke batiri ɗaya, ta ce nauyi ne, a sa dabino da ƙuli-ƙuli a gurbinsa. Sun yi shawara ranar Asabar mai zuwa za su gwada daga Aujara zuwa Jahun bayan sallar asuba, kowa da cikakkiyar jakarsa, wayar kuma tana cikin aljihu sai an isa.