Yajin Malaman Jami'a, Kan Wa Ya Ke Ƙarewa?

Kowa ya san yaji. Mace in zaman gidan miji ya gagare ta, sai ta ɗauki ɗan ƙunshinta ta tafi gidan iyayenta don a ji kukanta. Miji kuwa in mai hankali ne ba ya bari a daɗe bai aika biko ba. Daga nan aka ari sunan aka sa wa abin nan da ma'aikata kan yi, watau su ajiye aiki gaba ɗaya sai an biya musu bukata. To, a kan yajin malaman jami'a na ke so in yi 'yar magana, domin da yawa cikinku da kuka koyi karatu da girma kuna da 'ya'ya ko ƙanne a can, kuna sayar da hatsi da bisashe kuna aika musu guzuri.

Jami'a ita ce ƙololuwar makarantun boko. Ta fari a Nijeriya an buɗe ta a Ibadan cikin 1948, ta Ahmadu Bello a Zariya cikin 1962. Da jami'o'i suka yi yawa, malamansu suka haɗa kai cikin 1978 suka kafa ƙungiyar da a ke kira ASUU, don su riƙa magana da Gwamnati da baki ɗaya.

Bari in fara da faɗin alherin ƙungiyan nan, kada a ce na zo da ƙiyayya. Cikin 1988 Gwamnatin soja ta hana ta, ba ta mutu ba. Cikin 1992, sa'ad da Malam Attahiru Jega ke shugabanta, ta yi yajin da ya jawo aka sa wa kamfanoni harajin ilimi cikin 1993, naira biyu cikin kowace ɗari ta ribarsu. Asusun nan shi ne aka sāke wa suna TETFund cikin 2011. Wanda ya shiga jami'ar Gwamnati ya ga sabon ɗakin karatu, in ya duba bango sau da yawa sunan asusun zai gani. Ashe ba kowane yaji ne na banza ba.

Amma ku dubi abin da ya biyo baya. Cikin 2009 Gwamnatin Tarayya da malamai suka sa hannu a kan yarjejeniya game da albashi, da kuɗin gyaran jami'o'i, da ikon kowace jami'a ta tafiyad da al'amuranta. Aka ce kowace shekara uku za a sake duba ta. Cikin 2012 Gwamnati da kanta ta aiki kwamiti ƙarƙashin Malam Mahmud Yakubu ya zaga jami'o'i. Suka tarad da ɗakunan karatu sun cika har ɗalibai na zaune a ƙasa, ɗakunan gwaji ba kayan aiki, makwantai sun lalace. Duk da haka sai da malamai suka yi yaji daga watan Yuli zuwa Disamba 2013 kafin aka yi alkawarin naira tiriliyan 1.3 cikin shekara shida. Aka ba da kashin fari, biliyan 200, sauran aka yi ta jan ƙafa. Batun sake duba yarjejeniya kuwa, aka naɗa kwamitin Babalakin cikin 2017, na Munzali Jibril cikin 2020, na Nimi Briggs cikin 2022, har shekaran nan ta ƙare ba a sa hannu a kan kome ba.

Duk wanda ya taɓa aikin ofis ya san ma'anar wannan. In ba a son a ce a'a, ba a kuma nufin a yi, sai a rubuta a bayan takarda a ce a kawo ta wata mai zuwa. Alkawari kuwa kaya ne, balle wanda aka rubuta aka buga masa hatimi. Talaka in ya ci bashi ya ƙi biya, alkali zai sa a kamo shi. Ina dalilin da Gwamnati za ta sa hannu a kan abin da ba ta tanadi kuɗinsa ba? A ganina tushen ɓarna ke nan, laifin Gwamnati shi ne babba.

To, amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Cikin 2020 malamai suka yi yajin wata tara, daga Maris zuwa Disamba, ko da ya ke annobar korona ma ta rufe makarantu a shekarar. Cikin 2022 suka sake yin na wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba, sai da kotu ta ba da umurni suka koma. Watau wata 17 ke nan cikin shekara uku. An riƙe albashinsu na 2022, daga baya aka biya su wani sashi. Ɗalibi fa, wa zai biya shi watanninsa? Ya biya hayar ɗaki na shekara bai kwana ciki ba. Karatun shekara huɗu ya koma biyar ko shida. Wanda ya wuce shekara 30 kafin ya gama, dokar aikin bautar ƙasa ta tsame shi. Yarinya in ta daɗe zaune a gida, sau da yawa aure a ke yi mata, karatun ya tsaya nan. Da an koma kuma, sai a duƙunƙule karatun wata huɗu cikin 'yan makonni, a yi jarrabawa, a ce an gama.

Ga wani abin lura. Tun 1999 aka fara ba da iznin buɗe jami'o'in kuɗi, waɗanda yajin nan ba ya taɓa su. Mai hali sai ya kai ɗansa can, ko ya tura shi Masar ko Gana ko Ingila. Saboda haka sandar da malamai suka ɗaga don mai mulki, a kan ɗan manomi da ɗan leburu ta ke sauka. Wannan shi ya sa mai mulki ba ya gaggawar biko.

Har wa yau akwai bashin da ɗalibai ke bin malamai, wanda ba a yi masa yaji. Akwai malamin da zai riƙe takardun jarrabawa wata da watanni bai duba ba. Akwai mai tilasta wa ɗalibai sayen 'yan takardun da ya buga, wanda bai saya ba ya san sauran. Akwai wanda ɗalibi zai yi ta sintiri ƙofar ofishinsa don ya duba masa littafin bincikensa na ƙarshe, kullum a ce ya yi tafiya. Mafi muni, akwai mai neman 'yan mata da maki. Ba duka ba ne, na kirki sun fi yawa, waɗansu ma da aljihunsu su ke taimakon ɗalibai. Amma laifi tudu ne, ƙungiyar da ta iya hango na Gwamnati ya kamata ta dubi wanda ta taka.

Mu da muka fara da allo mun san wani irin zama tsakanin malami da almajiri. Uba ya kan kai ɗansa ya ce ga amana. Ba ya mance kuɗin Laraba, ba ya mance sadakar sauka, malam kuwa ba ya barin yaro ya kwana bai biya masa karatunsa ba. Kowane gefe ya san abin da ke wuyansa. Na sani jami'a ta fi ƙarfin zaure, malami ɗaya ya kan tsaya gaban ɗalibai ɗari biyar. Amma yawa ba ya sauke amana.

Shawarata uku ce. Ta ɗaya, kada Gwamnati ta sa hannu a kan kowane alkawari sai ta shigar da kuɗinsa cikin kasafin shekara, a buga a jarida kowa ya gani. Ta biyu, a sami dattawa masu sulhu waɗanda gefen biyu suka yarda da su tun kafin rigima ta tashi, a ɗaure kowa da hukuncinsu, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ta uku taku ce, ya ku iyaye. Ba don ku sa hannu a takardar haraji kaɗai kuka koyi rubutu ba. Ku rubuta wa wakilanku na Majalisa, ku tambaye su ina 'ya'yansu ke karatu, da abin da suka yi game da jami'ar da naku su ke. Ku rubuta wa shugabannin jami'a in an zalunci yaranku. Takarda guda a kan jefa ta kwandon shara, amma dubu ba su jefuwa.

Allah ya ba shugabanni ikon cika alkawari, ya ba malamai ikon riƙon amana, ya sa wa karatun yaranmu albarka, amin.