Idon da Ke Ganin Bayan Fenti

Dillali zai nuna maka falo da tayil da sabon fenti, ya ce gida sai shiga. Ba laifinsa ba ne, la'adarsa yake nema. Amma akwai mutumin da ya kamata ya taka gidan kafin ka ƙirga kuɗi: injiniya ko gogaggen magini da aka ɗauko musamman don ya duba lafiyar gini. A Ingila da Amurka sana'a ce mai zaman kanta, har rahoto ake rubuta wa mai saye. Mu kuwa sai bango ya dare muke tuna da shi.

Abin da ke burge ni da irin wannan gwani shi ne ba ya fara shiga ɗaki. Zagaya gidan yake yi ta waje, kansa a sunkuye, yana bin hanyar da ruwan sama ke bi in ya sauko daga kwano ko indararo. In ƙasa ta gangara wajen bango, ya riga ya san inda ciwon yake. Sai ya tsuguna a gindin bangon. Farin gari mai kama da kanwa da fentin da ya kumbura sun isa su gaya masa danshi na hawowa daga ƙasa. A gidan ƙasa kuma nan ne ruwa ke cin yaɓe har ya kai ga tubali.

Wajen tsaga gwanintar take fitowa sosai, domin ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siririyar da ta tsaya a kan filasta ba ta damunsa. Wadda yake tsayawa a kanta ita ce wadda ta tashi daga kusurwar taga ta yi karkace, ko ta bi layin bulo hawa-hawa, ta kuma leƙo ciki da waje. Wannan harsashi ne ya zauna. A sassan Borno da Gombe da Adamawa, inda baƙar laka ke kumbura da damina ta tsuke da rani, abin ya fi yawa. Mai haƙuri sai ya ja layi da fensir a ƙarshen tsagar, ya rubuta kwanan wata, ya dawo bayan makonni ya ga ko ta tsaya ko tana tafiya.

Kunnensa ma aiki yake yi. Da bayan makulli yake ƙwanƙwasa tayil da filasta, inda ya ji ƙarar holoƙo ya san sun rabu da jikin ginin. Ya karci bulo da ƙusa, in yashi ya zubo, an yi wa siminti rowa. Masu kayan aiki suna da wata guduma mai sifirin da injiniyan Siwizalan Ernst Schmidt ya ƙirƙira a 1948, tana auna taurin kankare ba tare da an fasa komai ba. In ya ga jan tabo a ƙarƙashin dekin, rodi ne ke tsatsa, tsatsa kuwa kumbura take yi ta tsaga kankaren daga ciki. Sannan ya hau silin da tocila neman gara da yoyo, ya sauko ya auna tazarar rijiya da masai.

Wanda ya tuna benen da ya rufta a titin Beirut na Kano a 2022, ko makarantar da ta faɗo wa ɗalibai a Jos a 2024, ba zai ce kuɗin duba gini ɓarna ba ne.

In za ka sayi gida, nemi injiniya mai rajista da hukumar injiniyoyi ta COREN ko magini mai rajista da hukumar magina ta CORBON, kai za ka biya shi ba mai sayarwa ba, kuma ya ba ka abin da ya gani a rubuce. In da hali, kai shi a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi.