Amarya Ɗaya Ake Ta Aurarwa

Duk mai bin shafukan biki a Instagram ko TikTok zai rantse amarya ɗaya ake ta aurarwa daga Kano zuwa Sakkwato, daga Maraɗi zuwa Kaduna, angwaye ne kawai ke canzawa. Fatar nan dai sumul kamar an bi ta da dutsen guga, hanci ya tsuke, ido ya ƙara girma, launi kuwa ya tashi daga baƙi mai sheƙi ko wankan tarwaɗa ya koma wani fari-fari mai toka-toka wanda ba a haifi kowa da shi ba. In kana son ganin ainihin yarinyar, sai dai ka dubi wuyanta ko hannun da ta sha lalle, inda gyaran bai kai ba.

An saba ɗora laifin a kan masu kwalliya, kuma suna da nasu kason. Amma abin ya daɗe da wuce biki. Hoton Sallah, hoton suna, hoton da ɗalibi ya ɗauka ranar gama makaranta, har dattijon da jikansa ya ɗauka a bakin masallaci, duk sun bi layi ɗaya. Ni a ganina wannan yayi hasara ce, kuma mafi yawan masu yinsa ba su ma zauna sun zaɓe shi ba. Wayoyi da yawa suna zuwa daga kanti da saitin gyaran fuska a kunne, musamman a kyamarar gaba. Kafin ka taɓa komai, waya ta riga ta yanke hukunci cewa fatarka na da aibin da ya kamata a rufa mata asiri.

Na san amsar da za a ba ni, domin ina jin ta kullum: in ba a haska ba, hoton duhu yake yi. Gaskiya ne, kuma ba laifin fatar ba ne. Tun ran gini tun ran zane. A shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka ya riƙa raba wa masu wanke hoto wani kati mai ɗauke da hoton wata farar mace, ana ce da shi katin Shirley, da shi ake daidaita launin injin wanki. In fatar Shirley ta fito daidai, an gama, sauran jama'a kowa ya ji da kansa. Wata mai bincike a Kanada, Lorna Roth, ta nuna cewa cikin abubuwan da suka tilasta wa kamfanin gyara fim ɗinsa don ya riƙa fitar da launuka masu duhu har da koken masu sayar da cakulan da masu kujerun katako, waɗanda suka ce kayansu ba sa fitowa da kyau a hotunan talla. Sai a 1995 aka fitar da katin da ya haɗa mata masu launin fata daban-daban. Kyamarar waya ta gaji wannan hali. A 2017 masu manhajar FaceApp suka nemi afuwa bayan an gano cewa filtarsu ta ƙara kyau haska fatar mutane take yi. Kamfanin Transsion na China, mai Tecno da Infinix da Itel, ya samu shiga kasuwar Afirka ne da dabaru irin su daidaita kyamara don baƙar fata, sannan Google ya fito da nasa gyaran a wayar Pixel 6 a 2021. An samu ci gaba, ba musu. Sai dai fitar da baƙar fata yadda take daban, mayar da ita fara daban, kuma na biyun ne ya fi saurin sayar da waya.

Yadda abin ke faruwa ba shi da wuyar ganewa. Kyamara ba ta san mutum ba, haske take aunawa. Tana duban duk abin da ke gabanta ta nemi matsakaici, kada ya yi haske ƙwarai, kada ya yi duhu ƙwarai. To ka tsayar da mutum baƙi cikin farar shadda da ta sha bugu, da hantsi, a gaban farin bango. Farin ya cika wa kyamara ido, sai ta rage haske gaba ɗaya don kada rigar ta ƙone, fuskar kuma ta nutse, ba a ganin komai sai haƙora da fararen idanu. Mai hoton ya duba ya ɓata rai, a garzaya wajen filta. Alhali maganin yana ƙarƙashin yatsanka: taɓa fuskar mutumin a jikin waya kafin ka ɗauka, kyamara za ta auna haske daga nan. A yawancin wayoyi wata 'yar alama mai kama da rana za ta fito, ka ja ta sama kaɗan har sai fuskar ta fito yadda idonka ke ganinta. In ka danne wurin na ɗan lokaci, awon zai tsaya ba zai riƙa sauyawa ba. Rigar na iya ɗan rasa aikinta a hoton. Bari ta rasa, ba don ita ake ɗauka ba.

Mafi girman gyara kuwa ba a cikin waya yake ba, a ƙafa yake. Ka matsar da mutumin. Rana tsaka ita ce babbar maƙiyiyar hoto a ƙasarmu: haske na dukan tsakar ka, kwarmin ido ya yi duhu, goshi da karan hanci su yi ta ƙyalli, ga mutum yana ta ƙanƙance ido. Shiga zaure. Zaunar da shi taku ɗaya ko biyu daga bakin ƙofa, ta ciki, ya fuskanci waje ko ya ɗan karkata, kai kuma ka tsaya daga waje ko daga gefe, ba ka tare hasken ba. Rana ba ta taɓa shi kai tsaye, hasken da ƙasa da bangon maƙwabta suka mayar ne ke shigowa a hankali, bayansa kuma duhun zaure. Nan za ka ga abin da baƙar fata ke yi da haske: kumatu ya ɗauki wani sheƙi mai laushi, ƙwayar ido ta kama ɗigon haske, zaren hula ya fito ɗaya bayan ɗaya. In ɓangare ɗaya na fuskar ya yi duhu da yawa, a sa yaro ya riƙe farin zane ko farin kwali daga wannan gefen, kusa amma ba cikin hoto ba, zai mayar da haske ya cike gurbin. Taga ma haka, rumfa ma haka. Inuwar bishiya ce kawai sai an lura, domin rana na ratsa ganye ta yi wa fuska dabbare-dabbare.

In a waje ne dole, a jira bayan la'asar sakaliya ko a yi da sassafe. Lokacin hunturu ma, duk da tsagewar leɓe da farin ƙafa, hazo na yi wa mai hoto alheri, yana tace rana ya baza haskenta. Sai dai ƙurar nan tana kwanciya a gilashin kyamara, ta haɗu da maiƙon yatsa da na aljihu. Rabin hotunan da ake cewa sun yi hazo-hazo, waya ta tsufa, ba abin da suke bukata illa a goge gilashin da gefen riga mai laushi. Filasha kuwa, in ba tilas ba, a bar ta a kashe. Daga kusa take dukan fuska, ta fito da duk wani maiƙo, ta mayar da hoda toka.

Ga kuma maganar hanci, wadda ke tura 'yan mata da yawa wajen filta mai tsuke shi. A 2018 wasu likitocin gyaran fuska a Amurka suka wallafa lissafin da ya nuna cewa hoton da aka ɗauka daga nisan kamar santimita 30 yana sa hanci ya fi girmansa da kusan kashi 30 cikin ɗari, in aka kwatanta da wanda aka ɗauka daga mita ɗaya da rabi. Wato hancin da kike gani a hoton ɗauki-kanka ba naki ba ne, na kusanci ne. Miƙa wa ƙanwarki wayar, ta ja baya taku uku, ta ɗauka da kyamarar baya, wadda a kusan kowace waya ta fi ta gaba ƙarfi. Kuma ta matso da ƙafarta in tana son kusantowa. Zuƙowa da yatsu biyu a yawancin ƙananan wayoyi yanke hoton ne kawai a buɗa shi, sai ya farfashe.

Masu shiga kasuwar waya ta Farm Centre a Kano suna tambayar megafiksel nawa, su ma a ɗan rage zafi. Wayar da aka rubuta mata 50 galibi tana haɗe ɗigo huɗu-huɗu ne ta ba ka hoto mai kusan 12. Ba yaudara ba ce, dabara ce ta tara haske, amma tana nuna cewa lambar da ke jikin kwali ba ita ce hoto ba.

Wanda ke shakkar cewa haske da natsuwa sun isa, ya nemi hotunan Seydou Keïta na Bamako. A 1948 ya buɗe wurin ɗaukar hotonsa, kuma yawancin aikinsa a tsakar gida ya yi shi da hasken rana, ya rataya zane mai ado a baya. Fim na da tsada, don haka sau da yawa ɗauka ɗaya yake yi wa mutum. Matan da ke cikin hotunan nan baƙaƙe ne, kuma baƙaƙe suka fito, da ɗaurin ɗankwalinsu da zobbansu da yadda kowace ta ajiye hannu. Ba wadda ta yi kama da wata. Malick Sidibé, shi ma na Bamako, wanda ya bi matasa wuraren rawa da kyamararsa a shekarun 1960, ya karɓi babbar lambar girmamawa ta baje kolin fasaha na Venice a 2007. A Najeriya J.D. 'Okhai Ojeikere ya fara ɗaukar kitson mata a 1968, ya tara hotuna kusan dubu, kowace tsaga ta kitso a bayyane. Wayar da ke hannun ɗan sakandare a yau ta fi kayan aikin mutanen nan sauƙin sarrafawa nesa ba kusa ba.

Za a ce masu hoton da ma suna gyara, kuma haka ne. Akwai masu bin fim da fensir suna ɓatar da ƙurji, kuma wanda ya je situdiyo da aron agogo ko ya jingina da babur ɗin da ba nasa ba, shi ma ba gaskiya tsantsa ya bari ba. Kowa na son ya fito da kyau, ba kuma zan hana amarya ɓoye ƙurjin da ya fito mata ana gobe kamu ba. Bambancin shi ne mai fensir yana kallon mutum guda, ya cire abin da zai wuce da kansa cikin mako, ya bar abin da yake na mutumin. Filta ba ta bambance ƙurji da tsaga. Bille, zanen Gobirawa, zanen Barebari, tabon da aka samu tun yarinta, layukan da shekaru suka zana a goshin tsohuwa, duk datti ne a wajenta. Tsagar gado tana ƙarewa, yawancin yaran yanzu ba a yi musu, masu ita tsufa suke yi. Abin takaici ne a ce hotunansu na ƙarshe waya ta shafe ta.

Wani mai ɗaukar hoton biki ya taɓa ba ni labarin uwar amarya da ta dawo masa da hotuna tana cewa, "Ɗan nan, ka ɗan ƙara haska ta mana, dangin miji za su gani." Ya ce, "Hajiya, ai sun riga sun gan ta." Ta ce duk da haka. Ya haska, don da kuɗinta ta zo. Ban ga laifinsa ba sosai, amma a nan ne abin ya daina zama wasa. Yarinyar da ta tashi tana ganin fuskarta fara a waya, baƙa a madubi, wata rana madubin za ta zarga, kuma masu man bilicin suna nan suna jira. Faransa tun 2017, Norway kuma tun 2022, sun wajabta a sa alama a hotunan tallan da aka sauya surar jikin mutum. Dokokin talla ne, ba su shafi hoton gida ba, amma sun nuna cewa wasu sun ɗauki lamarin da muhimmanci.

Akwai kuma ranar da ake neman hoto ba don ado ba. A duba sanarwar cigiya da ake yaɗawa a WhatsApp da Facebook: yarinya ta ɓata, an sa hotonta, amma hoton mai filta ne, fari tas, wani lokaci har da furanni a ka. Wanda ya gamu da ita a tasha ba zai gane ta ba. Haka in an yi rasuwa, a bi wayoyin 'yan uwa ana neman hoto guda da ya yi kama da mamacin.

Saboda haka in za a yi gyara, a yi shi a kan kwafi, a bar na asali. A shiga kyamara, a nemi alamar gyaran fuska, sau da yawa 'yar fuska ce ko sanda mai taurari, a mayar da ita sifili, a gaba da baya. Wanda ya biya mai hoto ya ce a haɗa masa da waɗanda ba a taɓa ba. Wajen turawa, a sani cewa WhatsApp na matse hoto ya rage masa inganci, in kuma an sake turawa daga waya zuwa waya ta hanyar ɗaukar hoton fuskar waya, sai ya ƙara lalacewa. A tura shi a matsayin fayil, ko aƙalla a taɓa alamar HD da aka ƙara a 2023. Masu muhimmanci a kwafe su a kwamfuta ko filas, domin waya na faɗawa ruwa, ana kuma ƙwace ta. Na tsofaffin gida kuwa, a zaɓi biyu ko uku a kai a wanke a takarda, a rubuta suna da shekara a baya da fensir, don tawadar biro tana cin takarda ta ɓullo ta gaba.