Kalmar concurrent tsakanin Ƙonni da Illela

Tsakanin Birnin Ƙonni da Illela ta jihar Sakkwato tafiya ce ta ƴan kilomita, amma kalmar concurrent tana sake ma'ana a hanya. Asalinta latinanci ne, concurrere, wato gudu tare. Ingilishi ya riƙe “tare”, faransanci kuwa ya riƙe tseren. Saboda haka ɗan lakkwal na Ƙonni, in ya ce simintin Malbaza da na Sakkwato concurrents ne, nufinsa suna takarar kasuwa. Takwaransa na Illela zai fahimci abubuwa biyu ne da suka zo a lokaci ɗaya.

Wannan tarko sananne ne. Abin da muke suka a nan shi ne maganin da masu fassara na rediyo suka saba bayarwa: duk inda kalmar ta fito sai su ce “lokaci guda”.

A duba shari'a. Alƙali a Najeriya ya yanke ma mutum shekara 2 kan laifi ɗaya, shekara 3 kan wani, ya ce hukuncin concurrent ne. Shekara 3 zai yi a gidan kaso, abin da faransanci ke kira confusion des peines. In aka ce “zai yi su lokaci guda”, dangin mai laifi za su lissafa 5, su ɗauka ba hutu tsakani. Gara a ce “ƙaramin hukuncin ya shige cikin babban”.

Haka Concurrent Legislative List ta tsarin mulkin Najeriya na 1999: babu batun lokaci a cikinta. Fannoni ne da tarayya da jihohi duka ke iya yi ma doka, kuma in dokokin sun saɓa, ta tarayya ke rinjaye. Abin mamaki, a nan ma'anar faransanci ce ta fi kusa.

Inda “lokaci guda” ta dace, kamar zaɓen shugaban ƙasa da na ƴan majalisa na 27 ga Disamba 2020 a Nijar, ba mu da ja, ko da yake “rana ɗaya” ta fi sauƙi a kunne. Amma sau da yawa hausa ba ta neman wata kalma, jeranta aikatau take yi: ana ruwa ana rana, yana tuƙi yana waya. Mai fassarar da ya ƙara “a lokaci guda” bayan irin wannan jumla ya faɗi abu ɗaya sau biyu.